Wanda Ya Fara Majami'ar Gidan Ɗinya

Ranar Lahadi bayan an tashi daga Misa, Fada, limamin majami'a, ya kira Malama Talatu ofishinsa, ɗan ƙaramin ɗakin da ke manne da majami'a. Ya ce saura wata uku ginin ya cika shekara hamsin, kwamitin biki kuma ya yanke shawarar a rubuta tarihin majami'ar a karanta wa jama'a ranar. Ita suka zaɓa. Shekara talatin da biyu ta yi tana koyarwa a firamare kafin ta yi ritaya, sannan ga shi matar ɗan Baba Sada ce, dattijon da kowa a Gidan Ɗinya ya taso ya ji ana cewa shi ya kafa majami'ar.

"Aikin ba zai ba ki wuya ba, Malama," in ji Fada. "Tarihin a gidanku yake zaune."

Shi kansa shekararsa biyu kacal a garin, daga kudancin Kaduna aka turo shi. Ya buɗe kabad ya ɗauko tsohon littafin baftisma a naɗe cikin leda, ya miƙa mata.

Da la'asar ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida ta buɗe littafin. Takardunsa sun yi ja, tawadar ta dusashe, amma ana iya karantawa. Sunan farko da ta gani lambarsa talatin da takwas. Ta lasa yatsa ta murza shafin ko wani ya manne a bayansa. Babu. Sai da ta wangale littafin ta leƙa wajen ɗinki sannan ta ga guntayen takardu uku, an yanke su miƙe sambal, irin yankan reza.

Ta daɗe tana shafa wurin da ɗan yatsa.

A makon ne kuma maganar baƙo mai babur ta cika gari. Gidan Ɗinya ƙaramin ƙauye ne tsakanin Kura da Bunkure, gidajensa ba su kai tamanin ba, yawanci Kirista, gonakin ban-ruwa sun kewaye shi ta ko'ina. Da maƙwabtansu Musulmi kowa ya san kowa, ruwan kanal ɗaya suke jira, motar tumatir ɗaya suke lodi. Wannan mutumin kuwa ba wanda ya san shi. An fara ganinsa ya tsaya daga nesa yana ɗaukar hoton majami'a da waya. Bayan kwana biyu aka sake ganinsa a bakin kanal, yana tafiya yana tsayawa yana waige-waige, kamar mai ƙirga taku. Bai yi wa kowa sallama ba.

Wasu suka ce dillalin masu kuɗin birni ne da ke bin ƙauyuka suna sayen gonakin shinkafa. Wasu suka ce abin ya wuce nan, mutum ba ya ɗaukar hoton majami'a haka kawai a wannan zamani. Maza suka fara zama a ƙofar majami'a bi da bi.

Ranar Talata Malama Talatu ta ɗauki littafin rubutunta da biro ta nufi zauren surukinta. Baba Sada ya haura tamanin da biyar, ƙafa ta yi masa nauyi, amma hankalinsa garau yake. Ta same shi yana tufka igiya. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗi abin da ya kawo ta.

Labarin ya fito daga bakinsa a jere, kamar yadda ta sha ji tun zuwanta gidan. Yadda wani Fada Bature yake zuwa daga Kano lokaci-lokaci. Yadda aka fara taruwa a gindin ɗinya a tsohon gari, daga baya aka yi bukkar laka da jinkar ciyawa. Yadda ruwan dam ɗin Tiga ya iso, masu awo suka zo da katafila suka baje ƙasa, aka haƙa kanal, mutane suka tashi suka dawo wannan tudun. Yadda ya tara jama'a suka kwaɓa ƙasa da ƙafafunsu, mata suna jido ruwa, har ginin ya tashi.

Tana rubutawa tana gyaɗa kai. Da ya numfasa ta ce, "Baba, a tsohuwar bukkar nan, wa yake jan addu'a idan Fada bai zo ba?"

"Mu ne."

"Ku da su wa?"

"Duk sun mutu."

Ta buɗe littafin baftisma ta matsar masa. Ta ce takardu uku na farko babu su, mutum talatin da bakwai ke nan sunayensu suka ɓata. Bai ko kalli littafin ba.

"Gara ce," ya ce. "Gara ta yi mana ɓarna a shekarun nan."

Talatu ta rufe littafin. Ta ga aikin gara a littattafan makaranta fiye da yadda za ta iya tunawa, ba ta taɓa ganin garar da ke bin layi ba.

Tana haɗa kayanta ya ajiye igiyar.

"Wannan baƙon da ake magana, mutumin Kuran nan, babba ne ko yaro?"

"An ce zai yi arba'in da wani abu."

"In ya sake zuwa a kore shi. Kada wanda ya tsaya sauraronsa."

Sai da ta kai tsakar gida abin ya faɗo mata. Duk surutun da ake yi a gari, ba ta ji mutum ɗaya ya ce baƙon daga Kura yake ba.

Ranar Alhamis da hantsi tana cikin majami'a tana kwafar sunayen limaman da aka rubuta a bango, sai ta ji hayaniya a waje. Ta fito ta tarar maza huɗu sun kewaye wani siriri mai jar hula, ɗaya ya riga ya zare makullin babur ɗinsa. Mutumin ya ɗaga hannuwa yana cewa shi ba da sharri ya zo ba.

"Ku dakata," in ji Talatu. Uku daga cikin mazan ta koyar da su a aji, muryarta har yanzu tana aiki a kansu. "Malam, wane ne kai, me kake nema a nan?"

Ya ce sunansa Sagiru, injin ban-ruwa yake gyarawa a Kura. Mahaifiyarsa, Asta, a nan aka haife ta. Wata takwas ke nan tana kwance, kullum maganarta kabarin tata mahaifiyar, tana so ta san ko yana nan ko ruwa ya cinye. Ta kwatanta masa wurin, ya zo ya rasa gane komai.

"Me ya hana ka yin sallama ka tambaya?"

"Ita ta ce kada in faɗi ko ni jikan wane ne. Ta ce ba za a saurare ni ba."

"Jikan wane ne kai?"

"Malam Nomau."

Mazan suka kalli juna. Ba wanda ya taɓa jin sunan a cikinsu. Sagiru ya sa hannu a aljihu, ɗaya daga cikinsu ya yi saurin riƙe masa hannu, ya ce su bari takarda ce. Ya fito da wani ɗan kati da ya yi laushi saboda tsufa. Talatu ta karɓa. Katin baftisma ne, sunan Asta, lamba ta huɗu. A wajen katikis, wato mai koyar da addini a majami'a, an rubuta Nomau.

Ta juya katin gaba da baya. Rubutun ya yi kama da na Fadan da ya cika shafukan farko da suka rage a littafin, musamman yadda yake lanƙwasa lamba huɗu. Amma ta san a Kano akwai masu iya ƙera takarda ta fi wannan tsufa. Mutumin da ke son fili kuma zai iya zuwa da uwa marar lafiya a bakinsa.

"A ba shi makullinsa," ta ce. "Kwatanta mini gidanku. Ni zan zo da kaina, ba zan faɗa maka ranar ba."

Ba ta gaya wa mijinta Mika'ilu gaskiyar inda za ta ba. Ranar Asabar ta ce za ta Kura sayen zaren saƙa, ta hau ɗan acaɓa zuwa bakin titi, daga nan ta shiga mota. Kafin ta nemi gidan sai da ta tsaya wajen wata mai sayar da shinkafa da ta sani ta tambaye ta ko ta san Sagiru mai gyaran inji. Matar ta ce ta san shi, ba ta taɓa jin abin assha a kansa ba, sai dai yana da wani aboki dillalin gonaki da suke yawan zama tare. Talatu ta ajiye wannan a ranta.

Ta sami Asta a kwance a kan katifa a ƙasa, tsohuwa ce ƙarama, carbi a gefen matashinta. Da aka ce mata baƙuwa daga Gidan Ɗinya, ta yunƙura ta jingina da bango.

"'Yar gidan wa ce ke?"

"Aure ya kai ni garin, Iya. Daga wajen Rano nake."

Ba ta faɗi gidan da take aure ba, tsohuwar kuma ba ta matsa ba.

Asta ta ce babanta Nomau shi ya fara koyon karatu a wajen Fada, shi ya fara tara mutane a gindin ɗinya, shi ya sari itacen bukkar farko. Ita tana yarinya take share wurin kowace Asabar. Mahaifiyarta ta rasu wajen haihuwa, aka binne ta a bayan bukkar, ita ce ta farko da aka binne da addu'ar Kirista a garin.

Da masu awo suka zo, aka ce duk mai gona za a auna tasa, bayan an gyara ƙasa a mayar masa da rabonsa. Majami'a ma tana da fili, wanda bukkar ke ciki da gonar da ake nomawa tare. Babanta ya tafi wajen masu rubuta sunaye don a shigar da shi, tare da wani magidanci mai suna Sada da ke taimaka masa, don shi ya fi jin Turanci. Da aka zo rabo, filin majami'a bai fito ba. Sai magana ta tashi cewa Nomau ya sayar wa wani attajirin Kano.

"Ba wanda ya zo ya tambaye shi a gabansa," in ji Asta. "Gaisuwa aka fara dainawa. In ya tashi jan addu'a sai mutane su fice ɗaya-ɗaya. Matan da suka yi mini kitso suka hana 'ya'yansu zuwa gidanmu. Da aka fara sabon gini ya ɗauki kwandonsa ya je, aka ce ya ajiye. Damina ba ta faɗi ba muka bar garin."

A Kura ya yi dako, ya yi gadi, ya rasu bayan shekara shida. Ita ta musulunta, ta yi aure, ta haifi 'ya'ya. Ba ta sake taka garin ba.

"Iya, ya sayar ko bai sayar ba?"

"Mai sayar da fili yana dako?"

"To filin ina ya tafi?"

Asta ta kalle ta sosai. Ta ce ita ba ta ga wurin ba bayan an baje shi, amma wata mai tallan daddawa da ke zuwa daga can ta taɓa gaya mata: in ka bi ƙaramar kanal ta yamma har inda take karyawa kusa da gadar siminti, gonar da ke hannun hagu ita ce.

"Ki je ki ga wa ke nomanta."

Talatu ba ta bukatar zuwa. Shekara talatin da tara tana kai abinci gonar nan lokacin dashe. Albasar mijinta ce a cikinta yanzu.

Sagiru ya raka ta bakin titi. Suna tafe ya ce, kamar wanda maganar ta suɓuce masa, "Hajiya, gonar za ta kai eka nawa?"

"Ni ba Hajiya ba ce, Malama ake ce mini. Kabari ka ce kana nema, ko eka?"

Ya yi dariya ya ce tambaya ce kawai. Ita ba ta yi dariya ba.

A mota ta yi ta juya maganar. Tsohuwar ba ta yi kama da mai ƙarya ba, amma tana yarinya abin ya faru, abin da ubanta ya faɗa mata shi ta sani. Ɗan kuma yana da aboki dillali. Ta yiwu sun san ko ita matar wace ce tun kafin ta shiga ɗakin. Ta yiwu kuma ba su sani ba.

Washegari bayan Misa, Mika'ilu yana wanke injin feshi a tsakar gida, ta zauna kusa da shi.

"Maigida, gonar bakin gada, yaya aka yi ta zama ta Baba?"

"Rabo ne. Lokacin awo."

"Gonar kakanku ai ita ce ta gabas, wadda aka raba muku da su Yaya. Wannan ta yamma a madadin wace aka ba shi?"

Ya tsaya da wankin. Ya ce shi yana ɗan shekara tara a lokacin, me zai sani. Ya tambaye ta abin da ya kawo wannan magana. Ta faɗa masa duka, har zuwanta Kura.

Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce ta yi masa ƙarya ta tafi gidan mutanen da ba a san su ba, ta zauna sun cika mata kunne a kan ubansa. Ya ce wannan shiri ne, yau kabari, gobe takardar kotu. Ya ce ko ta manta da gonar nan aka yi wa 'ya'yanta karatu. Ta bar shi ya gama.

"Akwai wuri a gonar da ba a nomawa?" ta ce.

Ta san amsar. A kusurwar da ke jikin kanal akwai ɗan tudu da sabara ta rufe, bai fi faɗin ɗaki ba. Ta ɗauka dutse ne a ƙasa.

Mika'ilu ya ce shekarar da ya fara hayar tarakta ya so a baje wurin, Baba ya zo da sandarsa ya tsaya a gaban taraktar. Ya ce muddin yana da rai garma ba za ta taɓa nan ba. Da ya tambaye shi dalili, cewa ya yi akwai macizai.

"Kuma ka yarda?"

"Ubana ne, Talatu."

Kwana uku ba su yi wata maganar kirki ba. Ta lura in ta fita yana tambayar inda ta je. Rannan ta dawo daga zumuntar mata ta ga littafin rubutunta ba a yadda ta ajiye shi ba. Ta mayar da shi da na baftisma zuwa ofishin Fada, can ta ci gaba da aikinta.

Ranar Alhamis ta koma zauren Baba Sada. Wannan karon ba ta zo da biro ba. Bayan gaisuwa ta ce, "Baba, na je Kura. Na ga Asta."

Hannunsa ya tsaya a kan igiyar.

"Tana da rai?"

"Tana kwance. Kabarin mahaifiyarta take son gani."

Ya juya fuska wajen ƙofa. Wata mota ɗauke da kwandunan tumatir ta wuce, sai da ƙararta ta ɓace sannan ya yi magana.

Ya ce ranar da suka je shigar da filin majami'a shi da Nomau, mai rubutun ya ce shi ba shi da wurin rubuta majami'a, sunan mutum yake so. Nomau ba ya jin abin da ake faɗa. Shi Sada sai ya ba da sunansa, da niyyar in an dawo gida a yi bayani. A hanya ya ji nauyin faɗa. Da rabo ya fito mutane suka ga ba filin majami'a, shi kuma ya sami gona biyu, ba wanda ya lura, don a lokacin komai a birkice yake, wasu sun sami fiye da nasu, wasu ƙasa.

"Ni ban taɓa cewa ya sayar ba," ya ce. "Ko sau ɗaya. An tambaye ni, na ce ban sani ba."

"Wa ya fara faɗa?"

"An ga wani mai mota ya tsaya ƙofar gidansa sau biyu. Wannan gaskiya ne, da idona na gani. Me suka tattauna? Har yau ban sani ba. Kada ki ɗauka Nomau mala'ika ne."

"Takardun littafin fa, Baba?"

"Ba ni na yanke ba."

"Littafin a hannun wa yake bayan tafiyarsa?"

"A hannuna. Amma a majami'a yake kwana, ƙofa kuma ba makulli. Mutane sun ji haushinsa, sunansa kuwa yana kowane layi."

Ta dube shi, ya dube ta. Ba ta iya gane ko gaskiya ya faɗa ba. Ya ce shekara hamsin ba a taɓa yin aikin majami'a bai sa hannu ba, buhun farko na kowane girbi can yake zuwa, ta tambayi kowa. Ta ce ta sani. Ya ce to me za ta rubuta.

"Abin da na tabbatar, Baba."

"Za ki tona mini asiri a gaban jikokina."

"Zan rubuta wanda ya fara. Maganar gona ba tawa ba ce, taku ce da Fada."

Da yamma ta gaya wa Mika'ilu yadda suka yi. Ya shiga zauren ubansa, suka jima, ya fito idonsa ja. Washegari shi da kansa ya je wajen Fada ya faɗa masa maganar gonar da ta kabarin.

An kawo Asta ranar wata Litinin a cikin adaidaita sahu, an tokare ta da matasai. Fada ya riga ya yi wa jama'a bayani cewa 'yar gari ce ta zo ganin kabarin uwarta, duk da haka mutane sun fito sun tsaya a kan gadar siminti suna kallo. Mika'ilu ya sare sabarar tun da safe. A ƙarƙashinta aka sami duwatsu jere, wasu sun nutse.

Sagiru da ƙanwarsa suka riƙo tsohuwar har wurin. Ta zauna a ƙasa ta ɗora tafin hannu a kan dutse ɗaya, bakinta yana motsi. Ba ta yi kuka ba. Da ta gama ta ɗaga kai ta kalli albasar da ta miƙe kore shar har bakin ɗaya kanal ɗin, sannan ta kalli Talatu.

"Ashe gidan Sada kike aure."

"E, Iya."

"Na gane tun ranar. Da na ambaci gadar, fuskarki ta faɗa mini."

Ta tambaya ko yana nan. Aka ce yana gida, ƙafa ta hana shi fitowa. Ta ce a gaishe shi. Talatu ta kasa gane ko gaisuwar ta zuciya ce.

Suna shirin tafiya ta hangi Sagiru ya koma gefe ya ɗaga waya. Kabarin ya ɗauka, ta gani. Amma bayan nan ya juya a hankali, wayar tana sama, har ya zagaye gonar duka. Mika'ilu ma ya gani.

Ranar biki majami'a ta cika har waje, an zo daga ƙauyukan da ke ƙarƙashinta, dagaci da wasu maƙwabta Musulmi suna zaune a rumfa. Talatu ta karanta shafi shida. Ta ce Malam Nomau ne katikis na farko, shi ya tara jama'a a gindin ɗinya, shi ya gina bukkar farko, matarsa ce aka fara binnewa. Ta ce ya bar garin a kan zargin da ba a taɓa tabbatarwa ba. Ta ce Baba Sada ya jagoranci ginin da suke ciki, ya kuma riƙe shi shekara hamsin. Ba ta ambaci gona ba. Da ta zo kan sunan Nomau wasu tsofaffin mata biyu a layin gaba suka sunkuyar da kai. Baba Sada bai zo ba, ya ce jikinsa ba daɗi.

Bayan biki kwamiti ya zauna sau uku a kan gonar. Aka tsaya a kan cewa Mika'ilu zai ci gaba da noma rabi, rabi ya koma hannun majami'a, kusurwar kabari kuma a kewaye ta da bulo. 'Yan'uwan Mika'ilu ba su ji daɗi ba. Matar wansa ta daina shigowa gidan, ana kuma cewa Talatu ba haka kawai ta ɗauki maganar mutanen Kura da zafi ba, wataƙila an yi mata alkawarin wani abu. Baba Sada yana amsa gaisuwarta, iyakarta ke nan.

Ana tsakiyar yankan alkama Sagiru ya bugo mata waya ya ce Allah ya yi wa Iya rasuwa, an kai ta da safe. Ta yi masa ta'aziyya, ta ce za ta zo. Da ta faɗa wa Mika'ilu sai ya ce ta shirya gobe shi zai kai ta.

Suka bi hanyar bakin kanal a kan babur, ruwa yana gudu a gefensu, masu yankan alkama suna ɗaga musu hannu. Sun kusa fita titi ya rage gudu ya ɗan juyo da kai.

"Yanzu da tsohuwar ba ta nan, kina ganin zai kai mu ƙara?"

"Ban sani ba, Maigida."

"In ya kawo maganar gona a wajen zaman makoki, kada ki amsa. Ki bar ni da shi."

Ta ce to. Ta gyara riƙon ƙullin geron da za su kai, suka hau kwalta.